Ƙanƙarar da Ta Je Jana'iza

Dawakin Tofa

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na tashi na ɗaura zani, domin ranar ce za mu kai ƙanƙararmu ta farko kasuwar Tsanyawa, kuma na riga na rantse ƙafata ƙafar kayan. Ku da kuka dame ni da aike, wai yaya hanya, wai an samo alheri, ga labarin nan na rubuta muku gaba ɗayansa. Na gaji da maimaita shi a bakin ƙofa.

Bari in fara da abin da ya sa mace mai jikoki ta hau akori-kura ta bi ƙanƙara. Malam, maigidana, da ya yi ritaya daga sakatariya, sai ya je wata bita a cikin Kano kan yadda ake tafiyar da ayyukan kasuwanci. Ya dawo da satifiket mai ruwan zinare a gefe da kuma sabon baki. Tun daga ranar ko tuwo nake tuƙawa sai ya tsaya a ƙofar madafa ya ce akwai ɓata lokaci tsakanin randa da murhu. Ana nan ya gano cewa arewacin Kano kaf ba abin da ta rasa sai ƙanƙara. Jari kuwa babu. Ni ce mai gona, wadda na gada wurin mahaifina a bakin dam ɗin Bagwai, inda ake noman rani. Ya yi ta bi na da daɗin baki har na sayar da ita ga Alhaji Tanko, mai gonar da ke maƙwabtaka da ita, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta. Da kuɗin aka sayi injin ƙanƙara da sola aka kafa a ɗakin zaure. Malam ya naɗa kansa Manajan Ayyuka. Ni mai gonar ba a ba ni muƙami ba.

Mai saye ma ni na samo. Hajiya Ladi ce, ƙawata tun ƙuruciya, wadda kusan duk zoɓo da kunun ayan da ake sha a kasuwar Tsanyawa daga kulolinta suke fitowa. Wurin wani mutumin Bichi take sayen ƙanƙara, amma ta yarda ta gwada mu. Sharaɗinta ɗaya ne: kaya su iso kafin kasuwa ta ci. In mun cika, duk mako namu ne. In mun saɓa, mutumin Bichi yana nan bai mutu ba. Ba mu da wani babban mai saye bayan ita, saboda haka in ta kuɓuce, gonar mahaifina ta zama akwati mai gurnani a zaure ke nan.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Malam ya iya loda kaya. Ƙulli-ƙullin ƙanƙarar a leda ya jera su cikin buhuna, ya zuba buntun shinkafa a tsakani, ya lulluɓe da tsofaffin bargunana da bai tambaye ni ba. Yana yi yana karanta wa Sabi'u direba darasi, wai aiki ginshiƙi huɗu gare shi: shiri, inganci, rage asara, da cika alkawari a kan lokaci. Sabi'u yana ta cewa haka ne, haka ne, yana hamma.

Mun idar da sallar asuba ke nan waya ta yi ƙara. Kawu Ɗanladi, ƙanen mahaifiyar Malam, ya cika a Bagwai, za a yi jana'iza da hantsi. Muka yi salati, muka yi masa addu'a. Tsoho ne mai kirki, ya kuma daɗe yana jinya.

Na ce, "Malam, ka hau motar haya ka tafi Bagwai. Ni da Sabi'u mu kai kayan."

Ya dube ni da tausayi irin na malamin da ɗalibarsa ta faɗi jarrabawa. "Ashe ginshiƙi na uku bai shige ki ba. Mota biyu a hanya ɗaya? Ai asara ke nan. Ba a fitar da mota da aiki guda. Mu ratsa, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, mu wuce abinmu. Tafiya ɗaya, aiki biyu."

"Ƙanƙara ce fa, ba gero ba."

"Na sa narkewar a cikin shiri."

Hanyar Katsina

Muka matsu mu uku a gaba, ni a jikin ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaure ta da igiya. Ba mu yi nisa ba motar ta fara tari. Babu mai. Ashe jiya Malam ya hana a zuba, wai sayen abu kafin a buƙace shi kwantar da dukiya ne. To ga shi an buƙace shi, sai dai mai gidan man bai buƙaci tashi daga barci ba tukuna. Muka tsaya a bakin famfo muna jira. Sabi'u ya tsallaka wurin mai shayi, ya sa aka soya masa ƙwai, ya zauna ya ci a natse kamar wanda ya ɗauko duwatsu.

Da muka hau babban titi gari ya waye sarai. Bazara ce, gonaki duk a share suna jiran ruwa, an jibge taki tsibi-tsibi, ƙauye na bin ƙauye ba tazara. Tun da safiyar nan iskar da ke shigowa ta taga ɗumi gare ta.

A wani shinge masu kaki suka tsayar da mu. Ɗaya ya zagaya ya ɗaga bargo, sai na ji ya yi wata 'yar dariya.

"Alhaji, ƙanƙara? Mu da muke wuni a rana?"

Ranar ko gama fitowa ba ta yi ba. Malam ya sauka da kansa ya kwance buhun da ya ɓata lokaci yana ɗaurewa, ya miƙa masa ƙulli biyu, abokin aikinsa ya matso shi ma ya samu. Da ya dawo na tambaye shi wannan a wane ginshiƙi yake. Ya ce hulɗa da jama'a ce, kuma a rana ta biyu ta bitar aka koyar da ita.

Bichi

A Bichi hanya ta rabu. In ka miƙe, Tsanyawa na gabanka, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. In ka karya hagu, Bagwai. Na sayi ƙosai da koko ta taga, na sake gwada sa'ata.

"Malam, ga motocin Bagwai can suna lodi. Sauka ka hau. Kafin a fito da gawa mun sauke kaya, in ya so mu biyo ka."

"Manaja ba ya rabuwa da kaya," in ji shi.

Sabi'u ya dube ni, ya dube shi, ya ga wanda zai biya shi, ya karya hagu.

Bagwai

Kafin a shiga gari sai an wuce ta gefen gonakin bakin dam. Na yi niyyar in kau da kai, wuyana ya ƙi. Ga gonar mahaifina nan kore shar da albasa a tsakiyar ƙasar da ta bushe. Alhaji Tanko ya baje kunyar da ta raba gonarsa da tamu, sun zama ɗaya, mangwaron da mahaifina ya dasa ne kawai ya nuna mini inda take. A ƙarƙashinsa nake kai masa fura ina yarinya. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Malam kuwa yana duba agogo yana cewa har yanzu muna cikin tsari.

Ƙofar gidan rasuwa ta cika. Malam ya ce wa Sabi'u ya nemi inuwa saboda ingancin kaya. Inuwa ɗaya ce a wurin, ta wata babbar darbejiya, kuma a ƙarƙashinta aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Nan Sabi'u ya kutsa da baya da baya, mutane suna janye ƙafafu, ya kashe mota a tsakiyar masu ta'aziyya.

Na shiga cikin gida wurin mata, muka yi gaisuwa, muka yi kuka gwargwado. Hantsi ya yi, ba a fito da gawa ba. Wai ana jiran babban ɗansa da ya taso daga Kaduna, kuma kowa ka tambaya sai ya ce ya kusa. Ina zaune ina amsa "ya haƙuri", kunnena yana waje. Na leƙa ta zaure sau ɗaya na ga ruwa yana ɗiga daga ƙarƙashin motar, har kaji sun taru suna sha.

Sai da rana ta take tsaka aka sallace shi aka tafi maƙabarta. Ku da kuka san zafin bazara kun san yadda maza ke dawowa daga binne gawa: riguna sun manne a baya, leɓɓa sun bushe, kowa na neman inda zai zube. A gabansu akwai Kawu Audu, yayan mamacin, babban gidan gaba ɗaya, mutumin da shi kaɗai ya rage a duniya da ke kiran Malam da sunansa tsirara. Ya zo zai zauna sai ya taka laka. Ya bi lakar da ido har jikin mota, ya sa sandarsa ya ɗaga bargo.

"Ikon Allah! Habu, ƙanƙara ka kawo mana?"

Ina tsaye a bakin zaure, ina kallon bakin Malam. Ya buɗe. "Ai Kawu, wato, ita wannan..."

Kawu Audu bai jira ba. Ya juya ga jama'a ya ɗaga murya. "Ku duba ɗan albarka! Mutuwar asuba, amma kafin hantsi ya cika mota da ƙanƙara saboda masu ɗaukar kawunsa. Wasu sun zo da goro, wasu sun zo da hannu, shi ya zo da mota. Liman, a yi masa Fatiha!"

Hannuwa suka tashi sama gaba ɗaya. Malam ya waiwayo ya dube ni. Ni ma na dube shi, da duk idon da Allah ya ba ni. Kalma uku ta ishe shi: ta sayarwa ce. Amma wa zai faɗi haka ga kawunsa a gaban liman, ƙasar kabari ba ta bushe a hannun mutane ba? Ya ɗaga nasa hannuwan, aka shafa tare da shi, ya ce, "Ai wajibi ne, Kawu."

Abin da ya biyo baya, tunda nake ban taɓa ganin aiki mai tsari irinsa ba. Kafin ka ce me, an fito da randuna da bokitai da bahon wanki. Maza suka yi layi daga mota zuwa zaure, ƙulli na bin ƙulli daga hannu zuwa hannu. Wannan na cikin gida, wannan na masallaci, wannan na maƙwabta da suka ba da aron tabarmi. Ginshiƙan Malam duka huɗu na gan su a tsaye a wurin. Abin da ya fi ƙona mini rai, shi kansa bai iya haƙuri ba. Da ya ga cunkoso sai ya naɗe hannun riga ya shiga tsakiya.

"A'a, a'a, aiki yana shaƙewa a bakin zaure! Ku yi layi biyu. Masu kwancewa daban, masu miƙawa daban."

Suka bi maganarsa, saukewar ta ninka sauri. Karo na farko ke nan da na ga bitar nan ta yi amfani.

Ina nan tsaye sai ga Alhaji Tanko da kofin silba cike da ruwa, ƙanƙara na yawo a kai. Ya rusuna kaɗan ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "Hajiya, albasa ta yi kyau bana. Ƙasar nan ta mahaifinki akwai albarka." Ya kurɓa, ya tauna wani gutsure ƙurus-ƙurus, ya lumshe ido. Mutumin nan ya ci gonar, ga shi kuma a gabana yana taune abin da ta zama, kyauta.

A nan ne kaina ya yi zafi. Na gyara mayafi, na ratsa maza, na taka tayar mota na haye baya, na zauna daram a kan 'yan buhunan da suka rage a lungu. Na dafe goshi na ce jiri nake ji. Layi ya tsaya. Ba wanda zai ce wa matar da ke cikin makoki ta tashi daga inda jiri ya zaunar da ita. Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, ashe haka ta shaƙu da marigayi. Aka kawo mini ruwan sanyi in sha, na ƙanƙarata.

Ban sauka ba. A nan aka miƙo mini shinkafa da wake, don ba a barin gidan rasuwa ba a ci abinci ba, Malam kuma ba zai tashi ba a yi azahar ba. Sanyi ya ratsa zanina ya shiga ƙashi, sama kuma rana tana gasa ni ta tsakanin ganye. Da za mu tafi Kawu Audu ya rako Malam har mota yana riƙe da hannunsa, mutane suna ta sa albarka. Hakimi ma ban ga an yi masa irin rakiyar nan ba.

Tsanyawa

Muka koma Bichi, muka miƙe hanyar da tun da safe take jiran mu. La'asar ta kusa da muka shiga Tsanyawa. Masu awaki sun fara kora na rashin ciniki gida, masu hatsi suna ɗinke bakin buhu. Na sauka da jiƙaƙƙen zani, mata suna kallona suna kau da kai don kunya, Allah kaɗai ya san abin da suka zata.

Hajiya Ladi tana zaune a rumfarta, kulolinta a jere, kusan duk an sayar da abin cikinsu. Da rana ta yi ba ta gan mu ba ta kira mutumin Bichi, ya zo a kan babur kafin ta ajiye waya.

Malam ya yi sallama ya gyara murya. "Hajiya, an ɗan samu tangarɗa ne a tsarin isar da kaya, amma in aka dubi tafiyar gaba ɗayanta..."

"Malam, ni zoɓo nake sayarwa," ta ce. "Ina kayan?"

Sabi'u ya sauko da buhunan. Ta kwance ɗaya ta zura hannu cikin jiƙaƙƙen buntu, ta zaro leda. Ruwa ne, da wani ɗan abu yana iyo a ciki kamar ragowar sabulu. Ta ɗaga shi sama ta duba ta kowane gefe, ta mayar a hankali.

Na ja ta bayan rumfa na ba ta labari tun daga asuba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa hawaye ne suka zo mini, na haushi. Da ta ga haka ta daina.

"Binta, saboda mutuwa ce, kuma saboda ke ce. Kasuwa mai zuwa, in hantsi ya yi ban gan ki ba, kada ki ɓata man mota. Ni ma mutane nake ci da su."

Ta ba mu zoɓo a leda mu sha a hanya. Da sanyinsa, na ƙanƙarar Bichi.

Komawa gida

A hanya Malam ya yi bitar tafiya. Ya ce a fannin cika alkawari akwai gyara, amma a fannin rage asara ba wanda zai ce ba mu yi nasara ba, tunda mota ɗaya ta yi aiki biyu. Na mai da fuskata taga. Sabi'u ya ce haka ne.

Ana kiran magariba muka iso Dawakin Tofa. Ko mayafi ban cire ba wayar Malam ta yi ƙara, kuma da yake kunnensa ya fara nauyi, a bayyane yake sa ta. Kawu Audu ne. Ya ce gari kaf maganar ƙanƙarar Habu ake yi. Ya ce addu'ar bakwai rana ita yau ce, baƙi za su zo daga nesa, saboda haka a ɗan ƙara a kan ta yau.

Rana ita yau. Ranar kasuwar Tsanyawa.

Na ga Malam ya rusuna a tsakar gida, shi kaɗai, yana wa waya ladabi. "Ai in sha Allahu, Kawu, ba..."

Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa karɓar abu daga hannunsa ba sai ya miƙo. Ranar na karɓa.

"Baba, barka da yamma, ya ƙarin haƙuri? Binta ce."

"Wace Binta?"

"Matar gidan. 'Yar Malam Isa mai gonar bakin dam. Baba, ƙanƙarar nan ba ta Malam ba ce. Gonar mahaifina ce aka sayar aka daskarar. Ta yau Allah ya kai ladan kabarin Kawu. Ta rana ita yau tana da mai ita a Tsanyawa. Malam zai zo muku addu'a a motar haya, da goronsa."

Na ji ya yi gyaran murya. Can ya ce, "To. Allah ya shirya." Ya kashe.

Malam bai ci tuwo ba ranar. Ni na ci, har na ƙara.

Da mako ya zagayo, ni da Sabi'u muka isa Tsanyawa Hajiya Ladi ba ta gama share rumfa ba, kuma har yau mu ke kai mata. Malam ya je Bagwai da goro, ya dawo ya ce a bakin tabarma aka bar shi. Yanzu in baƙi sun zo yakan nuna musu satifiket ya ce ɓangaren sufuri ya wakilta ni. Ni kuwa Bagwai garinmu ne, can aka yanke mini cibiya, can kabarin mahaifina yake. In na je yanzu matan da muka yi wasan ƙasa tare da rabin baki suke amsa gaisuwata, wai ni ce na hana mamaci sadaka. Abin yana damuna, kuma ba zan ce ba ya damuna ba. Amma gonar ba ta narke duka ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Sabi'u da bai taɓa musa wa kowa ba, da Hajiya Ladi da ta yi mini haƙurin mako guda, da ku da kuka yi ta tambaya, ko da na san rabinku dariya kuke nema. Godiya ta musamman kuma ga Kawu Ɗanladi, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Duk faɗin Bagwai, shi kaɗai ne bai sha mini ƙanƙara ba.